Jitar da ke cikin rumbu

Zandam, daren Laraba

Yau na gano abin da jikana Habibu yake ɓoyewa a rumbu: jita ce ta gwanjo. Tsoro yake kada in fasa ta. Na ga ɗan iccen da tsirkiyoyi ke hawa, wanda muke kira jaki, ya tsage, sai na ce, "Kawo nan, raggo, jakinta ne ya mutu." Na sassaƙa wani da ƙahon saniya, yadda nake yi wa garayata tun ba a haifi ubansa ba.

Habibu ya dube ni. "Tsoho, dama kai ma makaɗi ne?"

Na haska tocila cikinta, na ga wata 'yar takarda. Da karatuna na yaƙi da jahilci na harhaɗa sunan kamfanin da ke jikinta, shi kuma ya duba a waya. Babu labarin kamfanin ko kaɗan. Wa ya ƙera ta, a wace ƙasa? Kuma me ake yi da tsirkiya shida, mu da biyu suka ishe mu?

Na gwada, yatsuna suka ƙi. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce gobe bayan la'asar zai fara koya mini.

Ta bar rumbu. Ga ta nan rataye a ɗakina. Alhamdulillahi.