Ankwa Ranar Ruwan Shuka

Gwiwa, Yuni 1960

Zuwa ga ƙanena Muhammadu Lawal, helman leburorin hanya a Kazaure. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali.

Iyakar gaisuwar ke nan, saura faɗa ne. Jiya 'yan doka suka shigo gona suka sa wa ɗana Sama'ilu ankwa, sungumi na hannunsa, matarsa Saude na bin sa da ƙoƙon iri. Wai ya gudu daga aiki da adibas ɗin ɗan kwangila a kansa. Yaushe zuwa shuka ya zama gudu? Wane lebura ne ruwan shuka zai sauka bai nufi gida ya shuka ya koma ba? Kai kanka haka ka yi shekara da shekaru.

Gonar nan tana bayan dutse, baƙo ba ya gane ta. Wa ya kwatanta musu?

Ka huta lafiya. Yayarka, Tasalla.

Kazaure, Yuli 1960

Zuwa ga Yaya Tasalla. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi.

Yaya, ki sassauta. Dokar Turawa ce: leburan da ya karɓi kuɗi kafin aiki, ya tafi bai biya ba, mai laifi ne kamar ɓarawo. A da ana kawar da kai, sabon ɗan kwangilar nan ne ba ya jin bari. Ni na tsaya wa Sama'ilu ranar da ya karɓa. Aka ce ko shi ko ni, ga 'ya'yana ƙanana. Ni na kwatanta. An yanke masa wata uku. Wallahi ban ƙara cin abinci da daɗi ba.

Ki yafe mini. Ƙanenki, Lawal.

Kazaure, Oktoba 1960

Yaya, ina gaisuwa, ko da yake kin ƙi ba ni amsa.

Barka da samun mulkin kai, nan ana ta kiɗa. Na ji Sama'ilu ya fito. Na san bana rumbunku wayam ne, shi ya sa na roƙi ɗan kwangila, ya yarda zai mai da shi aiki, har da sabon adibas. Ki ce masa ya zo maza.

Naki, Lawal.

Gwiwa, Oktoba 1960

Lawal, na amsa gaisuwarka.

Sabon adibas! Ashe ba ka da kunya? Turawa sun tafi, ankwarsu suka bar muku gado, kuna ta kiɗa. Maƙwabta na yankan gero, mu ciyawa ce a gonarmu. Irin da Saude ta riƙo ran nan, shi muka daka muka ci.

Sama'ilu ya ɗauki matarsa ya bar ƙasar nan. Na san inda yake, kuma ba zan faɗa maka ba, don na ga ka iya kwatance.

Wassalam. Tasalla.