Wa Zai Ƙwanƙwasa wa Auta Ƙofa?

Assalamu alaikum ƙanena,

Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Allah ya ƙara muku rufin asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yi wa kowa faɗa, ka san alamar lafiyarta ke nan. Ni kuma ina kan keken ɗinkina yadda ka bar ni.

Maganar 'yata Auta ce, wadda kai ma 'yarka ce, ta sa na ɗauki biro. Jami'o'i biyu na can ƙasar wajen da kake zaune sun ɗauke ta karatun tattalin arziki, kuma kafin ƙarshen wata dole ta amsa wa ɗaya. Babanta ya zame ya bar ni da yanke hukunci. Na ce ta fara gaya min mene ne karatun ma. Ta ce shi ne sanin abin da ya sa zare yake tsada alhali ladan ɗinki bai motsa ba. Na ajiye almakashi na ce ta zauna, don wannan tambaya ta daɗe tana ci min rai. Tun ranar nake bin ta da tambayoyi, har ta fara guduna.

Ta nuna min makarantun a waya. Ɗaya ƙarama ce a gari mai shiru, malamai sun san sunan kowa. Ɗayar tana tsakiyar babban birni, ɗalibai kamar kasuwa, amma a can wata malama take wadda Auta ta kusa haddace rubuce-rubucenta, bincikenta duk a kan masu ƙananan sana'a irina ne. A hoto kowace ta yi kyau, ciyawa shar, yara na ta dariya. To ka san halina, ban taɓa yaba riga ba sai na juya ta na ga bayan ɗinki. Na sa ta nemo min ɗaliba ɗaya daga kowace, muka kira su tana yi min tafinta. Ita ta tanadi tambayoyi kan darussa da ɗakin karatu, ni kuwa tawa guda ce, har ta ji kunyar fassara ta. Na ce a tambaye su, ranar da suka kwanta ciwo, wa ya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Ta ƙaramar jami'ar ta yi dariya, ta ce maƙwabtanta har barci suka hana ta da zuwa dubiya. Ta babban birnin ta ce babu kowa, ita ta lallaɓa ta dafa wa kanta ruwan zafi, amma ko yau aka ce ta sake zaɓe, can za ta koma. Har yanzu ina son sanin me ake faɗa a ajin nan da zai sa yarinya ta ce haka. Da na waiwaya sai na ga Auta ta sunkuyar da kai tana naɗe zare a yatsa. Ta riga ta san abin da zan ce, ta kuma shirya yi min biyayya. Wallahi abin ya sosa min zuciya, sai na ji bakina yana cewa ta amsa wa babban birnin.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Na san tsakaninka da birnin tafiyar yini ce a jirgin ƙasa, kuma aikin asibiti ba ya barinka ka numfasa. Ban ce ka riƙe ta ba, ban ce ka sa mata ido ba. Abu guda nake roƙo. Auta ba ta taɓa buɗe baki ta ce ba ta da lafiya ba, ko a gabana. Ranar da ka kira ka ji tana ce maka komai ƙalau da sauri-sauri, tana neman kashe waya, kada ka tsaya kirana. Ka hau jirgi.

Inna tana sa maka albarka. Ka gaishe min da maman yara, da ɗanku Gajere, da 'yar autarku mai surutu.

Yayarka mai yi maka addu'a kullum.