Ambulan Masu Sunan Mama

Tarnow, watan Nuwamba

Zuwa ga Yayana Mirek,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Jolanta da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Kanada. Mu ma nan kalau muke, sai dai gwiwar Mama da ka sani. Ranar tunawa da mamata mun je kabarin Baba mun kunna kyandir, har da naka. Goggo Wiesia ta kawo furanni, ta kuma yi ta mita wai dutsen kabarin ya karkace.

Yaya, maganar komawar Mama wurinka ce ta sa na ɗauki biro. Na san ka gyara mata ɗaki, na kuma san hawa benen nan ya fi ƙarfinta yanzu. Amma ta ce ba za ta zo ba, kuma gara ka ji dalili daga gare ni kafin ranka ya ɓaci.

Ka tuna yadda Baba yake tara hotunan marubuta da masu zane, masu ɗauke da sa hannunsu. Sai ya aika wa mutum hotonsa, ya haɗa da ambulan da ya riga ya manna wa kan sarki, ya rubuta adireshin gidanmu, don kada mai sa hannun ya sami uzuri. To, in tsofaffin marubuta maza ne, sunan Mama yake rubutawa a kai. Wai a cewarsa, in shi Zenon ya roƙa sai ya shekara yana jira, amma in Halina ce, tsoho ko a gadon asibiti yake sai ya lalubo biro. Mama ta sha yi masa tsiya, wai ya mai da ita budurwar duk wani mai sanƙo a Poland ba da saninta ba.

Ashe kafin ciwo ya kwantar da shi ya aika da dama. Makon jiya na tarar da ita zaune a matakala kusa da akwatin wasiƙu, jakar cefane a ƙasa, dankali ya watse. Ambulan ne a hannunta, da sunanta a kai, da rubutun Baba, wannan mai karkata kamar zai faɗi. Na zauna kusa da ita muka yi ta kuka, maƙwabta suna raɓa mu suna wucewa.

Da na ce ta buɗe mu ga wa ya amsa, sai ta harare ni, ta ce ina ruwanta da wani tsoho da ke ciki. Ta ce mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana barar rubutun baƙi, ita kuwa ko layi ɗaya bai taɓa rubuta mata ba, sai yanzu da ya kwanta ya tuna da ita, ɗan rainin wayo. Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Har yau ba ta buɗe ba.

Na ce mata gidan waya za su iya tura mata sauran can Kanada. Ta ce a'a, adireshin nan ya rubuta, a nan za ta karɓa. Tun daga ranar, kullum da hantsi sai ta lallaɓa ta sauko da gwiwar nan, ta duba akwati, ta sake hawa. Na kasa hana ta, kai ma ina roƙonka kada ka matsa mata a waya. Ba wanda ya san saura nawa ke hanya. Abin da ke ci min rai shi ne, ranar da na ƙarshe zai iso, ba za ta san shi ne na ƙarshe ba, washegari ma saukowa za ta yi.

Ka gaida Jolanta, ka shafa min kan Kuba da Ola. Mama da Goggo Wiesia suna gaishe ku, haka ma maigidana Tadek. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka mai kewarka,
Danuta