Gonar Baba ta Wajen Bunkure

Kura,
Jihar Kano.

Zuwa ga Yayana Maharazu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Khaulat da yara, tare da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka a nan Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a cikin nema, ya tsare ku daga sharrin baƙunta. Mu ma nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa gidajen maƙwabta ba tare da sanda ba, sai dai har yanzu ta nace cewa man shafawarta ne ya yi aikin, ba ƙwayoyin asibiti ba, mu kuma mun bar mata a haka. Iliyasuna ya warke daga zazzaɓin da na gaya maka, ya koma makaranta da ɓarnarsa yadda ka san shi. Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Maganar ce ta fi ƙarfin waya, kai kuma da an fara hira sai ka ce mai sayayya ya zo. Shi ya sa da na ji Maikuɗi direba zai taho wajenku da lodin albasa, na zauna na rubuta, don in faɗi tawa har ƙarshe ba mai katse ni.

Maganar injin casar shinkafar da Baba ya bar mana ce. Ka tuna a wayarmu ta ƙarshe ka ce idan abin ya ci gaba da lalacewa, gara a sayar wa Alhajin nan da ya daɗe yana zawarcin wurin, tun kafin ya zama kango. Ban yi maka musu ba a lokacin, amma Allah ya sani maganar ta tsaya mini a rai. To, Yaya, ina rubuto maka ne da zuciya a sake. Abin ya warware, kuma ta hanyar da ko a mafarki ba za ka kawo ba.

Ka san tun da Baba ya rasu Mudassiru ya ajiye aikinsa na kamfani a Sharaɗa ya dawo ya riƙe injin, ni kuma nake leƙawa ina kula da mata masu turara shinkafa da shanya. Ƙanen nan naka ya zo da zafinsa da kyakkyawar niyya. Ya rataya agogon bango, ya sayo wa ma'aikata riguna masu sheƙi irin na masu gyaran titi, ya gyara famfo, har lada ya ƙara musu ba wanda ya roƙa. Amma tun da aka shiga noman rani sai wurin ya mutu. Rediyon da ba ya rabo da kiɗa aka daina kunna shi. Gaisuwa ta koma ta fatar baki. Mutum ya zo a makare da jajayen idanu, ya ɗauki buhu kamar an ɗora masa dutse. Malam Sada, mai kula da injin, wanda tun muna yara ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai ga shi suna cacar baki da Ɗanladi mai ɗaukar buhu a kan tsintsiya. Shinkafa ta riƙa fita da tsakuwa da karyayya, 'yan kasuwar da suka shekara suna kawo mana shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wasu injina.

Mudassiru bai zauna ba. Ya tara ma'aikatan ya sayo lemo da biskit, ya ce kowa ya faɗi abin da ke damunsa, ba za a riƙe kowa a zuci ba. Suka sha lemon, suka ce babu komai, sun gode, Allah ya ƙara arziki. Ya bi su ɗaya ɗaya a keɓe, amsar dai ita ce. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa raini ne, wai don yana yaro, yawancinsu sun ɗauke shi a kafaɗa yana ƙarami. Ya rame, ya daina cin abincin kirki, ya fara maganar sallamar kowa ya ɗebo sababbi daga Kano. Da na ji kuma ana raɗe-raɗin Malam Sada zai bar aiki, sai na ce shi ke nan, domin duk garin nan an san idan ya tafi, injin ya tafi.

Ana cikin haka matar Ɗanladi, Sa'a, ta haihu, na tafi barka ƙauyensu can wajen Bunkure. Mai Adaidaita ya sauke ni a bakin kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin rani, na ƙarasa da ƙafa ta cikin gonaki. Ko'ina kore shar, albasa da tumatir sai sheƙi suke, sai wata gona guda a tsakiya da ta yi rawaya, ƙasarta ta tsattsage, albasar ta kwanta. Ka san bakina ba ya da linzami. Ina shiga ɗakin mai jego, bayan an gaisa na ɗauki jariri, sai na ce wai gonar wane malalaci ce na wuce, ruwa na gudu a gefenta amma an bar ta tana mutuwa. Matan ɗakin suka dubi juna. Wata tsohuwa ta tashi ta fita kamar an kira ta. Yaya, gonar Ɗanladi ce. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da mutane suka ragu, Sa'a ta ce mini kada in damu, amma ba lalaci ba ne. Ta ce ruwan nan bi da bi ake sako shi, kowane kanal da ranarsa, kuma da rana ake sakowa, lokacin da mijinta ke wurin aiki. Idan ranarku ta wuce ba ku yi ban ruwa ba, sai ku jira zagayowa. Yakan yi sammako ya ɗan kwashi abin da ya samu, ya taho Kura a guje ya makara, ga gajiya ga kunya. Sai ta sunkuyar da kai ta ƙara da cewa ai tun da Baba ya rasu ba a sake aiken kowa duba gona ba. Na tambaye ta wace gona. Ta dube ni da mamaki ta ce gonar Baba mana, ta wajen Bunkure. Ni dai ban san muna da wata gona a can ba, amma ban nuna mata ba, don na riga na yi ɓaramɓarama ɗaya a ranar, ta ishe ni.

Ko gidana ban biya ba na wuce wurin Inna. Ina faɗa mata ta fara dariya, ta yi ta yi har dariyar ta koma kuka. Ta ce gonar da gaske an taɓa yin ta, wataƙila ma kai ka tuna, domin wai ka taɓa faɗawa cikin kanal ɗinta kana tatata, aka tsamo ka ta ƙafa. Baba ya sayar da ita tun ina goye, da ita ya sayi injin farko. Amma bai daina aike can ba. Ta ce kullum in an fito sallar asuba sai ya tsaya da manoma ya ji wane kanal ne za a sako wa ruwa. In ya iso wurin aiki sai ya kira wanda ruwan nasu ne, ya ɗaure fuska ya ce ya je ya dubo masa gonarsa ta wajen Bunkure. Shi kuma ya amsa da to, ya hau kekensa ya tafi gonar kansa, ya yini yana ban ruwa, da yamma ya dawo ya ce gona lafiya lau. Har wanda gonarsa ke bayan Kura, inda ko hanya ba ta haɗa ba, Bunkuren ake aikensa. Sauran su rufe gurbinsa ba gunaguni, don kowa ya san ranarsa na zuwa. Na tambayi Inna me ya hana Baba ya ce musu kawai ya ba su izini. Ta ce Baba yakan ce mutumin da ke ci a hannunka, nauyi yake ji ya buɗe baki ya ce zai bar aikinka ya je nasa, in kuma ka ba shi a matsayin alfarma, nauyin bai sauka ba. Aike kuwa aiki ne, ba wanda ya roƙa, ba wanda ya yi kyauta.

Da ni da Inna muka zaunar da Mudassiru muka warware masa, sai ya dafe kai. Ashe a farkon rani Malam Sada ya zo ya same shi a gaban kowa, cikin ladabi, ya tambaye shi ko za a fara aikawa duba gona. Shi kuma da zuciya ɗaya ya amsa cewa ai ba mu da gona a can, a ci gaba da aiki. Su kuma suka ɗauka ya san komai, ya rufe ƙofar ne da gangan, kuma ya rufe ta a bainar jama'a. Shi kuwa bai san ya yi komai ba, tunda daga makarantar kwana Kano ya wuce. Suna can suna kallon amfaninsu na ƙonewa suna jin haushinsa, yana nan yana sayen lemo yana jin haushinsu. Na ji tausayin kowane ɓangare, har na rasa wa zan fi tausaya wa.

Ka san halin ƙanenka, nan take ya ce zai samo allo ya rubuta sunan kowa da ranar ruwansa, ya kira taro ya ba da haƙuri. Inna ta hana. Ta ce in ya yi haka, kamar ya ce musu ne duk shekarun nan satar jiki suke yi, yau an gano su an yafe. Ya yi ta gardama, wai shi ba ya iya ƙarya. Inna ta ce ba a kiran abu ƙarya idan mai faɗa da mai ji duk sun san abin da ake nufi. Ya kwana biyu yana juya maganar. A ƙarshe ya je wurin shugaban manoman da ke raba ruwa, ya koyo yadda zagayen yake, ya tsara aikin injin a kansa yadda babbar casa za ta riƙa faɗawa ranakun da ba ruwan kowa. Wannan kam ko Baba bai yi ba, kuma na yaba masa.

Ranar da ruwan su Ɗanladi ya zagayo ina wurin, na laɓe cikin mata ina yi kamar ina baza shinkafa. Mudassiru ya kira shi, yana sosa ƙeya, ya ce ya ji an sako ruwa wajen Bunkure, yana so ya je ya dubo mana gona. Ɗanladi ya tsaya da buhu a kafaɗa, ya waiga ya dubi Malam Sada. Shi kuwa Malam Sada ya juya baya ya kama goge wani gefen injin da ko ƙura babu. Sai Ɗanladi ya sauke buhun a hankali, ya tambaya ko ana so ya dawo da wuri. Mudassiru ya ce a'a, ya duba da kyau, gonar da girma. Wallahi, Yaya, sai da na ja mayafi na rufe fuska. Da la'asar sakaliya ya dawo, taɓo har gwiwa, ya tsaya a gaban Mudassiru ya ce gona ta sha ruwa ta ƙoshi. Kafin a tashi aiki wani ya kunna rediyo.

Ba zan ce maka komai ya dawo ba. Rabin albasar Ɗanladi ta riga ta tafi, tumatirin Malam Sada ma kaɗan aka tsira da shi, kuma mutum ɗaya da ya bar mu tun da fari bai dawo ba. Mudassiru ya sayi taki ya ba su, ya ce a kai gona, suka karɓa. Amma shinkafa ta koma fita fes, masu kawo shanshera sun fara dawowa, Malam Sada kuma ya daina maganar tafiya, har ya koma yi wa Mudassiru faɗa idan ya taɓa masa kayan aiki, abin da ya daɗe bai yi ba. Shi ma ƙanen naka ya koma cin tuwo har da neman ƙari.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, sai ga su duka sun yi sallama a gida, da buhun albasa da kwandon tumatir a kan amalanke. Malam Sada ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya ce ga amfanin gonar Baba na bana, a yi haƙuri bai kai na bara ba. Inna sai addu'a take yi tana share ido. Bayan sun tafi ta ce mana haka suke yi duk shekara, sai dai a wurin injin Baba yake karɓa ya kawo gida. Duk albasar nan da muka tashi muna ci muna zaton daga kasuwa take, ashe daga nan take.

Don haka ina roƙonka ka ba Alhajin nan haƙuri, ka ce masa wurin ba na sayarwa ba ne. Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi da yawa. Mudassiru yana gaisuwa, ya ce zai kira ka da kansa. Maigidana ma yana miƙa gaisuwa. Ka gaishe mini da Khaulat, ka shafa mini kan Muhsina da Suhaibu, ka ce musu Gwaggonsu na kewarsu. Maikuɗi zai ba ka rabin buhun albasa tare da wannan takarda, rabonka ne, Inna ce ta raba da hannunta. In yara sun tambayi daga ina take, ka ce musu daga gonar kakansu ce ta wajen Bunkure.

Allah ya jiƙan Baba, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Rauda.