Malamin da ke Cikin Wayata

Daren Talata, Danchadi

Tun ranar da maigida ya ce in riƙa ara wa ƙanwarsa Hadiza wayata, tana koyon haɗa wasan kwamfuta a hutun nan, hankalina bai kwanta ba. A littattafan soyayya da nake karantawa, duk namijin da ya shigo ta waya da tattausar murya, kuka yake bari a gida.

Yau na laɓe. Na ji malamin da ke koya mata ta cikin wayar yana cewa ta jero masa yadda ake dashen albasa, daki-daki.

Na ce, "Ke, mi ya haɗa shi da fadamarmu?"

Ta yi dariya. "Anti, a wasana albasa ce jaruma!"

Wataƙila. Amma na littafi ma da ƙaramar tambaya suke farawa. Gobe zan ajiye karatuna, in zauna gefenta har a tashi.