Layin da Ake Ja a Samaru

Baban Rifkatu,

Ina gaishe ka, ko da yake gaisuwa ba ta shiga ƙasa, kuma na san wannan takarda a hannuna za ta tsufa.

Kai ka ce mini muddin muna Samaru ba zan taɓa ɗaure kaya saboda tsoro ba, don kana bakin ƙofa. Ina kake yanzu?

Shekara da shekaru kana koyar da tarihin Shileswig, yankin nan na arewacin Jamus da ke iyaka da Danmak. Har a kan tuwo ka karanta mini shi: yadda aka yi yaƙe-yaƙe a kansa, daga baya aka ba mutane ƙuri'a, aka ja layi, waɗanda layin ya bari a wancan ɓangaren suka zauna da harshensu da makarantunsu. Na karanta littattafan naka bayan ka tafi. Ka so ƙarshen labarin, ka riƙa tsallake tsakiyarsa, inda gawawwakin suke. Na daɗe ina son gaya maka haka.

A nan ma ana jan layi, sai dai ba wanda ya tambaye mu. Tun rikicin Kaduna, gidan malamin firamare sun koma Sabon Gari, masu chemis ma haka. A layinmu mu kaɗai muka rage masu zuwa coci. Hajiya Binta maƙwabciyarmu, wadda ta kwana bakwai tana dafa wa 'yan makokinka abinci, ta ce za ta ɓoye mu, amma ba ta san abokan 'ya'yanta duka ba. Idan tayar mota ta fashe a titi, Rifkatu sai ta shige ƙarƙashin gado. Budurwa guda!

Wani tela daga Sabon Gari, Malam Sani, ya zo neman mu yi musayar gida. Mutanen cocinmu yake tsoro, kamar yadda nake tsoron na masallacinsu. Na ba shi ruwa, ya sha. Me littafinka ya ce a kan wannan?

Rifkatu za ta gama jarrabawa ƙarshen wata. Zuwa ranar zan jira ko wani a layin nan zai ce mini zauna, da bakin da zan yarda da shi. In ba a samu ba, washegari zan miƙa wa tela makulli, in ɗauke 'yata.

Ka huta lafiya, tunda kai ka samu.

Matarka,
Saratu