Idon Ruwanmu Ya Ƙafe, Rafakat

Assalamu alaikum. Zuwa ga ƙanena Rafakat, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Nasrin da yara, Allah ya sa zafin Karachi bai kwantar da kowa ba. Mu nan da sauƙi, sai gwiwar Ammi da ke ta ciwo.

Na ga saƙonka kana yabon hotunan gandun dajin da gwamnati ta killace a saman ƙauyenmu, wai kore shar. Raina ya ɓaci, wallahi. Ka manta yadda muke hawa dutse da Ammi muna share busasshen ganyen cir, mai kama da tsinken tsintsiya, muna shimfiɗa wa shanu? Tun da aka ja waya aka hana. Ganye ya taru har gwiwa, babu mai kwashewa. Bana kafin damina wuta ta kama shi, ta cinye ƙananan itatuwan da ke riƙe ƙasa a saman idon ruwa. Da ruwan sama ya zo bai tsaya ya shiga ƙasa ba, gangarowa ya yi da laka. Yanzu idon sai ɗiga, kafin tulu ɗaya ya cika sai ka yi gyangyaɗi.

Mun je gun shugaban masu gadin dajin, ya ce mu yi haƙuri, daji na farfaɗowa, ai birai ma sun ninka. Gwaggo Zaitun ta ce masa to ranka ya daɗe, a tatso mana biri mu haɗa shayi. Ya ce bakinta ya fi wutar ɓarna. Ba sare itace muka roƙa ba fa, shara kawai, aikin da za mu yi musu kyauta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ammi ce ke sauka rafi tana ɗebo wa saniyarta ruwa, ta hana ni, wai a hannunta kaɗai saniyar take sha. Shekaranjiya ta zame da tulu a ka. Dole a sayar da saniyar kafin sanyi, ta kuma yarda, amma ta ce ita ba za ta iya miƙa igiyar ba, ni ma na kasa. Ka zo ka miƙa.

Ka gaida Nasrin da Kawu Manzur. Gwaggo Zaitun na gaisuwa.

Yayarka,
Shamim